Allurar Alhamis

Talata, 7 ga Janairu, 2025

Asibiti tun sassafe. Sikeli ya ce kilo 101. Likita ta auna tsayi, ta yi lissafinta a waya, ta ce ma'aunin ƙibata 38. Wai daga 30 ake rubuta wa mutum allurar rage ƙiba, mai hawan jini irina kuwa ko a 27 ma. Suga bai shigo ba, yana dai bakin ƙofa. Gwiwa ba sai an auna ba, ta ga yadda na hau gadon gwaji.

Tambayoyi. Wani a danginmu ya taɓa ciwon dajin wuya, nan inda maƙoƙo ke fitowa? Tsakuwa a matsarmama? Niyyar ƙara haihuwa? Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Mai son ɗaukar ciki sai ta daina da wata 2 tukuna.

Sau ɗaya a mako. A ƙarƙashin fata. Ni da hannuna.

Laraba, 8 ga Janairu

Kemis bayan kemis, babu. Sai can Nasarawa wani ya fito da shi daga firji. Ozempic a jikin kwali. Na ce ai likita ta ambaci Wegovy ma. Ya ce Hajiya maganin ɗaya ne, kamfanin ɗaya, Novo Nordisk na ƙasar Denmak. Wannan na masu suga ne tun 2017, wancan aka ƙara masa ƙarfi, Amurka ta amince da shi don ƙiba a 2021. Wancan ba ya zuwa wajensa.

Kuɗin ba zan rubuta ba, kada Alhaji ya buɗe littafin nan. Mai albashin N70,000 sai ya haɗa watanni bai ci bai sha ba. Kwasar adashena kaf. Biron allura ɗaya, wata ɗaya.

Na taho da shi cikin kular da nake kai wa amare kunun aya.

Alhamis, 9 ga Janairu

Bayan isha. Auta na karanta takardar cikin kwali da ƙarfi, da muryar makarantar jinya, ni ina riƙe da biro hannu na rawa. Sabon tsinke, a murɗa zuwa 0.25, a danna, a ƙirga shida a hankali kafin a zare. Gefen cibiya. Ban ji komai ba, har na ce mata anya ya shiga?

Tuwo malmala biyu, na kwanta.

Asabar, 11 ga Janairu

Aikin suna a Gwammaja, waina da miyan taushe. Na ɗanɗana, na ci, na ƙara. Babu abin da ya canja. Kuɗina!

Litinin, 13 ga Janairu

Tashin zuciya da asuba, kaɗan. Gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kunya a gaban yaran aiki. Auta ta ce 0.25 ba na ramewa ba ne, na sabar wa ciki ne. Wata ɗaya a nan, sai 0.5, sai 1. Masu Wegovy har 1.7, har 2.4.

Juma'a, 17 ga Janairu

La'asar ta yi ban ci komai ba tun kokon safe. Kuma ban tuna ba. Ni!

Ga bokitin cincin a gefen ƙafata tun hantsi, muna ƙullawa a leda, hannuna bai je baki ba ko sau ɗaya. Ba daurewa na yi ba. Daurewa na san ta, shekaru na yi ina yin ta: ruwan zafi da lemon tsami, shayin rage tumbi, barin tuwon dare na sati biyu sannan a rama na wata guda. Wannan daban ne. Kamar injin markaɗen maƙwabta da ka saba da ƙararsa har ka daina ji, sai ranar da aka kashe shi ka gane ashe kunnenka bai taɓa hutawa ba. Me za a ci an jima, me ya rage a tukunya, wa ya cinye naman. Duk babu.

Na ɗan ji tsoro.

Lahadi, 19 ga Janairu

Auta ta zana mini a bayan takardar odar biki. Hanji da kansa yana sakin wani sinadari idan an ci abinci, GLP-1. Shi ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin an ƙoshi, shi ke hana abinci saurin barin tumbi. Na jiki 'yan mintuna ya watse. Na allura an gyara shi ya yi mako.

To ashe wadda ke ture kwano da saura ba lalle ta fi ni haƙuri ba. Tun ina budurwa ake ce mini mai kwaɗayi, har na yarda.

Wai na farko a dangin maganin nan, wanda ya fito a 2005, daga dafin wani ƙadangaren hamadar Amurka aka gano shi. Na ce kada ki gaya wa Inna. Ta ce nawa dai ba na ƙadangare ba ne. Duk da haka kada ta gaya mata.

Laraba, 22 ga Janairu

Bayan gida ya ƙi. Kwaɗon zogale, gwanda, ruwa, ruwa. Jira.

Asabar, 25 ga Janairu

Gidan Inna. Ta sa an yi ɗanwake don ni, da ƙwai da yaji da man gyaɗa har yana ƙyalli. Loma huɗu, cikina ya rufe. Na yi ta juya cokali.

Ta ce, ke lafiya? Na ce lafiya lau Inna, na ci a gida. Ta ce yaushe kika fara cin abinci a gida ya hana ki cin nawa? Ta janye kwanon a hankali, ta rufe da faifai. Ba ta ƙara magana a kai ba har na yi sallama. A zaure ta ce, idan wani abu Alhaji ya yi miki ki faɗa.

Hanyar gida duk ba daɗi.

Alhamis, 30 ga Janairu

Ta ƙarshe a biron farko. Cinya yau, cibiya ta huta. Sikelin kemis: 98. Na sauka na sake hawa.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Kuɗin bikin Tarauni ya shigo, ya fita. A kemis wani dattijo a gabana, takardar asibiti a naɗe a hannunsa, shi ma biron yake nema. Suga, shekaru da yawa. Ya ji farashin bana, ya naɗe takardarsa ya mayar aljihu. Mai kemis ya ce tun da masu ƙiba suka farga da maganin nan duniya ta shiga ƙarancinsa. Ya faɗa yana kallon kwamfuta, ba ni ba.

Na jira dattijon ya fita sannan na biya.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

0.5. Bismillah.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Amai. Amai. Ko ruwa sai da dabara.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Biki, mutum ɗari uku, kuma ni warin man suya na juya mini ciki. Na zauna nesa da murhu a kan turmi ina ba da umarni. Miya ta nuna, aka kawo mini ludayi. Na kai baki na kasa. Na ce wa babbar yarinyata ke ɗanɗana. Ta kalle ni. Shekaru nawa muna tare, ba ta taɓa ganin miya ta bar gidan nan ba ta bi ta harshena ba.

Ta ce gishiri ya yi. Ban sani ba ko ya yi.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na kira likita. Ta ce a takardun gwajin Wegovy kusan 44 cikin 100 sun yi tashin zuciya, yawanci lokacin ƙarin ƙarfi, yana lafawa. Ƙaramin kwano. Rage maiƙo. Da na ji ƙoshin farko in tsaya, kada in ce bari in ƙarasa. Kada in kwanta da abinci a ciki.

Abin da ba a jira da shi: ciwo mai tsanani a saman ciki, mai ratsawa har baya, wanda ba ya saki. Wannan ko tsakar dare ne in taho.

Tun da ta faɗa nake sauraren bayana.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Babu wuta tun jiya. Biron da aka fara yana jure waje muddin zafi bai wuce 30 ba, ɗakina kuwa da rana ban yarda da shi ba. Na naɗe shi a baƙar leda na aika gidan maƙwabciya mai sola. Na ce maganin Alhaji ne. Na ce don Allah ba wajen ƙanƙara ba, idan ya daskare ya lalace. Na faɗa har ta ce Hajiya na ji.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Gidan gara. Muna jera alkaki da dubulan, mata na ta zance. Wata ta ce Hajiya kin faɗa, fuska ta zube, ko Alhaji zai ƙaro mana ƙanwa ne? Aka kwashe da dariya. Wata ta matso ta rage murya, ta ce ki je a duba jininki, rama haka kawai ba ta zuwa.

A ɗaya ɗakin amarya ce ake ɗura wa kaza da madara. Ƙawayenta na maganar sha-ka-fashe, wace ta sha, wace ta cika kafin biki. Siririyar yarinya, kyakkyawa, tana cusa abinci tana hawaye. Haka aka yi mini. Gwaggo da kwanon fura a kaina, wai kada dangin miji su ce ba a ci a gidanmu.

Ita amarya tana neman kilon da nake biyan kuɗi in zubar. Ban ce mata komai ba. Me zan ce, ni da na kawo nakiyar.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Alhaji ya ga tsinkayen a tsohuwar robar da nake tarawa. Ya tsaya. Na faɗa masa, ban da kuɗin. Ya daɗe shiru, ya ce ni dai ban ce ki rame ba. Na ce gwiwata ce ta ce. Ya ce to Allah ya sa a dace. Ya fita masallaci.

Da ya dawo ya kawo tsire. Biyu na ci. Ya naɗe sauran a takardarsa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Likita, saboda azumi. 96. Jini ya ɗan sauka. Ta ce mu tsaya a 0.5 har Sallah, ba a ƙara ƙarfi a kan mai azumi da zafin Kano. Ruwa tsakanin magariba da asuba, ko ba ƙishi. Amai ko gudawa ya kama ni da rana, in karya, kada in yi wa ƙoda gardama.

Na ce har nawa zan sauka? Ta ce babban gwajin da aka buga a 2021, mutum 1,961, mako 68, a kan 2.4, sun rage kusan 15 cikin 100 na nauyinsu. Waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki, ƙasa da 3. Ni ina 0.5, kada in sa rai da lissafin wasu.

Na ce to yaushe ake gamawa? Ta ce Hajiya maganin hawan jininki yaushe za ki gama shi? Waɗanda aka bi bayan sun daina, cikin shekara ɗaya kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo.

Wannan ba ta faɗa ba ranar farko. Ko ta faɗa, kunnena na wajen 101.

A adaidaita ina ta ninka kuɗin biro sau goma sha biyu.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Na aika Auta ta tambayi Malam. Allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, in ji shi, amma tun da ana iya yin ta da dare, a yi da dare. Dama da dare nake yi.

An ga wata. Sarkin Musulmi ya sanar. Gobe azumi.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan

Babu yunwa. Ko kaɗan. Ƙishi dai, daga azahar.

Kowace shekara la'asar ɗin ranar farko ina kwance ina ƙirga mintuna, ina jin ƙamshin ƙosan da ba a fara soyawa ba. Yau har aka kira salla ina gyara zoɓo. Dabino, kunun tsamiya rabin kofi, ƙosai biyu. Shi ke nan.

Wani tunani ya hana ni sakewa: azumin da ba a ji yunwarsa ba. Wannan ba zan aika a tambaya ba.

Litinin, 3 ga Maris

Ɗan kunnen gwal ya tafi kasuwa. Biro na uku.

Laraba, 5 ga Maris

Sahur shi ne wahala. Ƙarfe huɗu, kwano a gaba, ciki ya ce na jiya ma yana nan. Na tilasta ƙwai da kofin ruwa uku. Jiri da na tashi daga ruku'u a azahar. Na riƙe bango.

Asabar, 8 ga Maris

Odar buɗa-baki ta masallaci, kunu da ƙosai kullum. Riba kaɗan, lada dai. Bukukuwa sun tsaya sai bayan Sallah.

Alhamis, 13 ga Maris

Asham. Na je da kujerata yadda na saba. A raka'a ta biyu ban san me ya kama ni ba, na ture ta gefe na sauka. Goshi a ƙasa. Tun kafin auren babban ɗana rabona da sujada a kan tabarma. Tashi da ƙyar, matar gefena ta kama ni, amma na tashi.

Na gama sauran a kujera. Kuka har gida.

Allura bayan na dawo, hannu bai yi rawa ba.

Litinin, 17 ga Maris

Gashi a jikin mataji, da yawa. Mai kitso ta ce gaban ya yi sauƙi. Tukunyar da nake saukewa ni kaɗai yau sai da aka kama mini. Likita ta ce ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka, shi ya sa wake, kifi, ƙwai, nono, da tafiya bayan shan ruwa. Ina zan sa su? Wurin loma shida ne.

Juma'a, 21 ga Maris

Ba na son komai yau.

Na yi farfesun kan rago irin wanda ake kirana har Zariya dominsa. Kowa na santi. Ni ina kallo. Ba ƙyama ba, ba sha'awa ba. Da can ranar da ta yi mini zafi na san inda zan kai ta: gurasa bandashe, ƙofa a rufe. Yanzu ranar ta yi zafi, babu inda zan kai ta.

Litinin, 24 ga Maris

Tela. Ya auna, ya duba tsohon littafinsa, ya sake aunawa. Ya ce Hajiya tef ɗina ne ko ke ce? Na ce ɗinka dai, amma ka bar ɗinki a ciki yadda za a iya buɗewa. Ya ce a rage ko a buɗe? Na ce bar duka biyun.

Alhamis, 27 ga Maris

Ta ƙarshe a biro na uku. Na girgiza shi a fitila ko da saura. Adashe sai Yuni.

Lahadi, 30 ga Maris, Sallah

93.

Gidan Inna bayan idi. Tuwon shinkafa da taushe. Wannan karon ƙaramin kwano ta sa aka kawo mini, ban roƙa ba. Wa ya gaya mata? Na cinye tas. Ta leƙa kwanon, ta ce to, aƙalla. Ta kama damtsena ta matsa, ta ce wannan ba hannun 'yata ba ne. Sannan ta ce amma na ga kin durƙusa kin gaishe ni har ƙasa.

Talata, 1 ga Afrilu

Wata a zauren WhatsApp na masu abincin biki tana da biro, ƙasa da rabin kuɗin kemis. Wai daga waje ake kawo mata cikin kaya. Hoton kwalin sak.

Auta ta karɓe wayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a Yunin 2024, an kama jabun Ozempic a Brazil da Birtaniya da Amurka. A Turai wasu har asibiti, sukarinsu ya faɗi warwas, ana zargin insulin aka zuba a biron. Ta ce Umma ko na gaske ne, a akwati ya zo, a wannan zafin, wa ya san inda ya kwana?

Na ce na ji. Ban goge lambar ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Alhamis, babu allura. Bayan isha na zauna a bakin gado ban san abin yi ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Kemis: 0.5 ya ƙare, kuma in ya zo ba a tsohon farashi ba. Ya ce akwai Mounjaro, na Eli Lilly, ya fi ƙarfi, a gwajinsa na mako 72 masu babban awo sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na ce nawa? Ya faɗa. Na ce Allah ya ba da kasuwa.

Zafi 40 da wani abu. Kwalta na tururi.

Talata, 8 ga Afrilu

Takarda ta ce wanda ya tsallake yana da kwana 5 ya rama. Yau na biyar.

Auta ta ce duk mako rabin abin da ke jiki ke fita, sai kusan mako 5 ya ƙare. To yanzu saura nawa a jikina? Ta fara lissafi, na ce bari.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ana suyar cincin. Hannuna ya je bokiti ya dawo, sai da na tauna na lura. Daɗi! Wallahi daɗi. Na ƙara uku, na sa aka ɗauke bokitin daga gabana.

Daren nan tunanin ragowar dambu a firji. Ban tashi ba. Ban yi barci ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Kafin alƙalamin bikin Hotoro ya shigo, rabin kuɗi. A ciki: shinkafa buhu biyu, man gyaɗa, cikon gas, kuɗin yara. Kuɗin makarantar Auta ƙarshen wata. Idan na taɓa na shinkafa sai na ci bashi wajen mai shago, kuma na watan jiya na nan.

Likita ta ce in tazarar ta yi tsawo wataƙila mu koma 0.25, daga farko, da amansa.

Mai kemis ya ce in kira Litinin. Mai WhatsApp ta turo saƙo, saura biyu.

Sikeli ban hau ba.